Gephi, Palladio ko NodeXL: wacce za ka ɗauka don binciken alaƙar mutane?

Ɗalibin tarihi ko adabi da ke bin diddigin wa ya yi karatu wurin wa, ko wa ya aika wa wa wasiƙa, wata rana sunaye za su yi wa littafin rubutunsa yawa. A nan ake neman manhajar da ke zana kowane mutum a matsayin ɗigo, alaƙarsa da wani kuma a matsayin zare. Ɗauki littafin Ida'un Nusukh, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi wurinsu. In ka haɗa da silsilar malaman zamaninsa, ido zai nuna maka waɗanda zaruruwa suka fi taruwa a kansu, irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Ni dai Gephi nake fara nuna wa mutum. Kyauta ce, ɗalibai ne suka fara ta a Faransa a 2008, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma da zarar ka sauke ta ba ruwanka da data. Teburi biyu take so: ɗaya na sunaye, ɗaya na alaƙa. Daga nan sai ta lissafa maka wanda ya fi yawan alaƙa, da wanda ya zama gada tsakanin zaure biyu da ba su san juna ba. Wannan na biyun shi ne ya fi amfani a tarihin malamai, domin sau da yawa ba shi ne ya fi shahara ba. Aibinta, ba ta da maɓallin komawa baya in ka yi kuskure, don haka ka riƙa adana aikinka a kai a kai.

Palladio kuwa daga jami'ar Stanford ta fito, cikin aikin nazarin wasiƙun masana Turai irin su Voltaire. A intanet ake buɗe ta, ba a sauke komai. In tambayarka ta shafi wuri da lokaci, kamar wasiƙa daga Sakkwato zuwa Borno a wace shekara, ta fi Gephi sauƙin ɗora su a taswira. Sai dai lissafinta ba zurfi.

NodeXL tana zaune cikin Excel, a Windows kaɗai, kuma manyan kayan aikinta sai an biya. Akwai kuma wata mai suna NetworkX, amma sai wanda ya iya Python, wato yaren rubuta manhaja.

Kowacce ka zaɓa, kafin ka zuba mata teburinka ka daidaita rubutun sunaye. In ka rubuta Jibrilu a layi ɗaya, Jibrin a wani, Jibril a na uku, manhajar za ta zana maka malamai uku, kowanne da 'yan almajiransa, alhali mutum ɗaya ne. Ka ba kowane mutum lamba tasa, ka ajiye fayil ɗin a tsarin adana haruffa na UTF-8 domin ɗ da ƙ da haruffan Larabci su fito daidai.