Masu dasa lambu a saman rufi a Gwarinpa

Wani kamfanin gyaran lambu a Gwarinpa na dasa shuke-shuke a saman rufin kankare, kuma shimfiɗarsu daidai take: ledar hana yoyo, tsakuwa, yadin tace ƙasa, sannan ƙasa mai kaurin santimita 15. Sun fi dasa kabar giwa (wato aloe) da ciyawar gida, masu jure hunturu ba tare da ban-ruwa kullum ba. Furen kabar giwa kuwa yana jawo ƙudan zuma da tsuntsaye.

Inda suke gazawa shi ne magudana. Bututu ɗaya ba ya ɗauke ruwan Agusta, sai ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. A nemi biyu. Injiniya kuma ya fara duba ƙarfin rufin, don nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba wasa ba ne.