Wasiƙa zuwa ga Auta: batun kayan da ka ce in sayo maka

Auta, gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Ka gaishe min da 'yan fadarku, musamman wanda ya zuga ka ka turo min hotunan nan, don na san ba kai kaɗai ka zauna ka zaɓo su ba.

Na ga saƙonka na WhatsApp: riga mai tambarin kada guda biyu, bel ɗin Louis Vuitton, da takalmi fari, duk kana so kafin Sallar layya. Ka ƙara da cewa "Yaya, ai a wurinku ake yin su, ba za su yi tsada ba." Wannan maganar ce ta sa na ce bari in zauna in rubuta maka da tsawo, don ni ma da irin wannan tunanin na bar Tahoua.

Mu fara da lissafi. Euro ɗaya sefa 656 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Rigar Lacoste ɗin mai tambarin kada da ka nuna, na shiga kantinsu na duba, euro 110 ce, wato wajen jika 72 guda ɗaya. Bel ɗin kuwa ya kai euro 500, jika 328 ke nan, kuɗin ragon layyar Inna har da canji mai yawa. Mafi ƙarancin albashi a nan Faransa, bayan an cire abin da ake cirewa, wajen euro 1,400 ne a wata, kuma kusan rabinsa a kuɗin ɗaki yake tafiya in kana kewayen Paris. To ka ga bel ɗaya ya cinye aikin kwana goma, ina tsaye tun safe har dare.

Na ce ina tsaye, don ka san aikina: gadi a ƙofar wani babban kanti, cikin baƙar kwat, da waya a kunne. Shekara huɗu ina kallon masu shiga da masu fita, kuma babu makarantar da ta koya min sha'anin tufafi kamar wannan ƙofa. Tsohon Bature zai shigo da rigar sanyi ruwan toka, babu rubutu ko ɗaya a jikinta, takalminsa ya sha shekaru amma yana ƙyalli. Ma'aikata na ganinsa za su miƙe, a kai shi ɗakin ciki, a kawo masa kofi. Sai ga ɗan'uwana baƙar fata ya shigo, tambari a ƙirji, tambari a hula, tambari a ƙugu, kamar motar talla. Shi ne kuma za a raɗa min a kunne in sa wa ido. Abin yana min ciwo har yau. Amma ya nuna min cewa masu kuɗin gaske ba sunan kamfani suke yawo da shi ba. Babban tambarin nan, mu aka yi wa shi, mu da 'yan yawon buɗe ido.

Kada ka ce ina maka wa'azin abin da ban taɓa ba. Shekarata ta farko, da na karɓi albashi na uku, na shiga wani kanti na sayi rigar sanyi ta ulu euro 240. Hannuna har rawa yake da na miƙa kati. An naɗe min ita cikin farar takarda, an sa a jaka mai igiya, na fito ina jin kamar gwamna. Na ɗauki hoto da ita a bakin hasumiyar Eiffel, kai ma ka gani, har ka sa shi a fuskar wayarka. Sau uku na sa ta. Ran Lahadi na haɗa ta da sauran kaya na kai ɗakin injin wanki na unguwa, na zuba kuɗi, na zauna ina latsa waya. Da injin ya tsaya na ciro ta, wallahi ko ɗan Yayanmu na aji uku ba za ta shiga ba. Wata tsohuwa da ke naɗe zannuwan gado kusa da ni ta karɓa, ta juya cikinta, ta nuna min 'yar takardar da ke liƙe a gefe, ta ce wannan ba a sa ta a ruwan zafi. A nan ne kuma na karanta ƙasar da aka ɗinka ta. Ƙasa ɗaya ce da wadda aka ɗinka singiletin da ke jikina, mai euro 5. Ban gaya wa kowa ba sai yau.

Kuma ba ni kaɗai na gano haka ba. A 2024 wata kotu a Milan ta ƙasar Italiya ta binciki masu yi wa kamfanin kayan ƙawa na Dior aiki. Aka tarar ana biyan ƙaramin ɗan kwangila euro 53 ya haɗa jakar hannu guda, banda kuɗin fata, sannan a sayar da ita euro 2,600 a kanti. Da kuɗinmu, jika 35 a hannun mai ɗinki, miliyan ɗaya da jika 700 a hannun mai saye. Abin da ke tsakani, kuɗin suna ne, da hayar kanti a titin Champs-Élysées, da 'yan ƙwallon da ake biya su sa kayan a talla, da albashin irina da ke tsaye a ƙofa.

Za ka ce to in sayo maka jabu, ai babu mai ganewa. Akwai su birjik, ana shimfiɗa su a ƙasa wajen unguwar Barbès da bakin kasuwar Clignancourt, mai tallan yana sayarwa yana waige. Amma a nan doka ba ta tsaya kan mai sayarwa ba. In 'yan duwan suka kama ka da jabu a filin jirgi, za su ƙwace, kuma tarar tana iya kai ninki biyu na kuɗin na gaskiyar. Ba zan sa takarduna cikin hatsari saboda bel ba. Balle irin su ne cike da Babbar Kasuwar Yamai, daga Dubai da China, a kuɗin da bai kai na nan ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. A nan kaya ba su da tsada, hannun mutum ne ke da tsada. Wando na euro 15 na saya, ya yi min tsawo, na kai wa mai gyara ya rage ƙafa. Euro 12 ya karɓa, kusan jika 8, kuma ya ce in dawo bayan kwana biyar. Na tuna telanmu na bakin kasuwa, wanda za ka miƙa wa wando kana tsaye, ya ciji zare ya miƙo maka, ka ba shi dala ashirin ya ce ka bar shi. Wankin kwat ɗaya da guga a nan ya fi kuɗin da Inna ke ba mai wanki na wata guda. Kuma abin da manyan attajiran Paris ke taƙama da shi, wanda ya fi duk wani tambari daraja a wurinsu, shi ne a auna mutum da tef a ɗinka masa daidai jikinsa. Irin wannan kwat ba ta kasa euro 3,000, sai ka jira makonni, ka je gwaji sau biyu ko uku. Ranar da wani abokin aikina ɗan Mali ya yi min wannan bayani, dariya na yi ta yi. Wato abin da kai kake yi duk Sallah, ka kai yadi, a auna kafaɗarka da hannunka, ka zaɓi aikin wuya, ka koma ka yi faɗa da tela don bai gama ba, shi ne a nan sai wane da wane. Kana zaune cikin gata kana hangen rigar da inji ya yanka dubu ɗaya iri ɗaya.

Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, mu ma muna da namu haukan suna. Gezna fa? Getzner kamfani ne a wani ƙaramin gari, Bludenz, a ƙasar Ostiriya, tun 1818 yake, kuma mutanen garin ba sa sa shadda, mu suke saƙa wa. A unguwar Château Rouge nan Paris na ga dattijo ya shinshina yadi, ya murza shi a kunne, ya ɗaga shi ga haske, kafin ya yarda na gaske ne. Bambancin dai, shadda mai kyau tana biyan kuɗinta. Babbar rigar Baba, Allah ya jiƙansa, shekara nawa ta yi? Sallah bayan Sallah ana kai ta wurin masu bugu tana dawowa kamar sabuwa, har Yaya ya gaje ta. Kuma kuɗin ɗinkin da na aikin a cikin gari suke zama. In ma sunan mai zane ake so, ai muna da Alphadi, wanda ya kafa bikin nunin tufafi na FIMA a 1998 cikin hamada kusa da Agadez, Turawa suka bi shi har can suna kallo.

Ba na ce duk mai tsada banza ba ne. Abu biyu na yarda a kashe musu kuɗi a ƙasar nan. Na farko rigar sanyi ta gaske, wadda kai ba ka da bukatarta, sanyin Janairu na Tahoua bai kai nan ba. Na biyu takalmin fata. Na fara aiki da na euro 25, duk wata huɗu sai ya buɗe baki, ga ciwon baya. Daga baya na jira lokacin ragi, wanda ake yi sau biyu a shekara, a Janairu da ƙarshen Yuni, mako huɗu kowanne, na sayi na euro 160 mai ɗinkakken ƙasa, ba na manne da gam ba. Shekara uku ke nan, sau ɗaya na kai an sake masa ƙasa. Babu tambari a jikinsa, in ba ka cire ka duba ciki ba.

Sauran kayana kuwa, kada ka gaya wa 'yan fada, yawanci bosho ne. A nan ba abin kunya ba ne, 'ya'yan masu kuɗi ma suna saye a kantunan bosho na Emmaüs ko ta manhajar Vinted. Can na samu irin rigar kadan da kake so, ta gaske, euro 20, an sa ta kaɗan, shuɗiya. Na saya maka ita. Wani ɗan Illela zai taho gida wata mai zuwa, ta Kasablanka zai bi tunda Air France ba ya sauka Yamai tun 2023, ya ce zai rage min wuri cikin kilo 23 ɗinsa.

Bel ɗin dai ka manta da shi. Zan tura wa Yaya kuɗin shadda mita biyar da na ɗinki, ku je tare ku zaɓa, don kai kaɗai za a sayar maka da ta China a ce Gezna ce. Ka kai wa tela tun yanzu, kada ka bari sai saura kwana uku ka kira ni kana kuka. Takalmi kuma, ka taka farar takarda, ka zagaye ƙafarka da biro, ka auna tsawon da santimita ka turo min, don lambar nan ba kullum take daidai da ta can ba. Fari ba zan saya ba, ƙurar Tahoua ba za ta bar shi ya kai la'asar ba. Ka zaɓa tsakanin baƙi da ruwan ƙasa.