Directory Privacy na cPanel: yadda na same shi wajen killace takardun ƙungiyarmu

Duk wanda ya taɓa riƙe muƙamin sakataren ƙungiya ya san takardu iri biyu ne. Akwai waɗanda ake so duniya ta gani, kamar sanarwar taro da hotunan walima. Akwai kuma waɗanda bai kamata su wuce idon 'yan ƙungiya ba: bayanan taro, lissafin kuɗin shiga da na fita, sunayen waɗanda ake bin su kuɗin wata, da lambobin wayar iyalan abokanmu da suka rasu waɗanda muke tallafa wa. Tamu ƙungiyar ta tsofaffin ɗalibai ce, muna da ɗan shafinmu na intanet da aka gina da WordPress, wata manhajar gina shafuka, ni kuma aka ɗora wa nauyin samar da wani sashe da babu mai shiga sai da kalmar sirri. Abin da na yi amfani da shi shi ne Directory Privacy, wanda ke cikin cPanel, wato allon sarrafa shafi da yawancin kamfanonin da ke ba da hayar wuri a sabar (kwamfutar da shafin intanet ke zaune a kanta) suke bai wa abokan cinikinsu. Tsofaffin hannu sun san shi da sunansa na da, Password Protect Directories.

Za a iya tambaya, me ya hana a yi amfani da makullin da WordPress ya zo da shi? Ai kowane shafi ana iya sa masa kalmar sirri daga wurin wallafawa. Haka ne, kuma yana aikin da aka yi shi dominsa. Sai dai a fahimci iyakarsa: rubutun da ke cikin shafin yake rufewa, ba fayilolin da aka liƙa masa ba. Idan ka ɗora takardar PDF, tana zaune ne a folda mai suna uploads, kuma duk wanda ya samu adireshinta kai tsaye zai buɗe ta ba tare da an tambaye shi komai ba. Kamar mutum ne ya garƙame ƙofar zaure, alhali katangar bayan gida ta zube. Ga shi kuma kalmar sirri ɗaya ce tak ga kowa da kowa, burauza kuma tana riƙe izinin shiga har kwana 10. Mutum ɗaya ya fita daga ƙungiya, sai an sauya wa kowa. Tunda dukiyarmu gaba ɗaya fayiloli ce, wannan hanya ba tamu ba ce.

Kafa Directory Privacy bai ba ni wahala ba. Na buɗe sabuwar folda a cikin public_html, wato babbar foldar da fayilolin shafin suke, na sa mata suna, na shiga Directory Privacy na zaɓe ta, na kunna kariya, sannan na fara ƙirƙirar suna da kalmar sirri ga kowane ɗan ƙungiya. Shi ke nan. Ba a girka wata ƙarin manhaja ba, ba a biya ko sisi a kan kuɗin hayar da muke biya duk shekara ba.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne inda makullin yake. A bayan fage, cPanel yana rubuta 'yan layuka a wani fayil mai suna .htaccess a cikin foldar, ya kuma adana kalmomin sirrin a rikiɗe a wata folda ta daban, .htpasswds, wadda ke waje da inda jama'a ke iya kaiwa. Daga nan sabar da kanta ce mai gadi. Duk abin da aka nema daga foldar nan, shafi ne ko hoto ko PDF ko sautin murya, sai ta mayar da lamba 401, ma'ana kawo shaidarka tukuna. Ko da wani ya tura adireshin takardar lissafinmu a zauren WhatsApp na unguwarsu, wanda ya latsa akwatin neman suna kawai zai gani. Injinan bincike irin su Google ma a bakin ƙofa suke tsayawa. Tsari ne tsoho, yana cikin ƙa'idojin HTTP, wato hanyar da burauza da sabar ke magana da juna, tun 1996, kuma a wurina tsufan nasa abin yabo ne, domin babu burauzar kirki da ba ta san shi ba, ba ya kuma cin data, abin da ya dami da yawa daga cikin mutanenmu da ke shiga da waya.

Akwai wani tuntuɓe da ya kamata mai shafin WordPress ya sani tun kafin ya fara. Bayan na kunna kariyar, da na nufi foldar sai aka ce babu shafin, maimakon a tambaye ni kalmar sirri. Dalili shi ne sabar tana neman shafin da za ta nuna tare da lambar 401, ba ta same shi ba, sai dokokin karkatar da adireshi na WordPress su cafke buƙatar su mayar da ita 404, ma'ana babu shafin. Maganin layi ɗaya ne: a rubuta ErrorDocument 401 default a saman babban fayil ɗin .htaccess na shafin, wanda ke cikin public_html, ba na cikin foldar da aka kulle ba. Ina ajiyewa, akwatin ya fito. A kwafi fayil ɗin a ajiye gefe kafin a taɓa shi, domin harafi ɗaya ya kauce, shafin duka zai daina buɗewa.

Sharaɗi guda kuma ba na sassautawa a kansa: kada a kunna wannan kariya a shafin da ba shi da HTTPS, wato tsarin da ke ɓoye bayanai tsakanin burauza da sabar. Wannan tsari ba ya ɓoye kalmar sirri a kan hanya, sauya mata kama kawai yake yi da abin da ake kira Base64, wanda kowa zai iya warwarewa nan take. HTTPS ne ke rufa mata asiri. Yau kuwa babu uzuri, tunda cibiyar Let's Encrypt na ba da takardar shaidar da HTTPS ke buƙata kyauta, AutoSSL na cPanel kuma yana sabunta ta da kansa.

To, ina ya gaza? A wurin mutane. Ɗan ƙungiya ba shi da hanyar sauya kalmar sirrinsa da kansa, kuma idan ya manta babu inda zai latsa a aiko masa da sabuwa. Sakatare zai kira. Dattawanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, sukan kira bayan sallar isha'i: "Malam sakatare, abin nan naka ya ƙi ni." Sai in ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyu," in shiga cPanel in sa sabuwa. Ban ɗauki wannan a matsayin wahala ba, domin yawanmu bai kai ya gagare ni ba, amma ƙungiyar da ke da ɗaruruwan mutane ba za ta iya tafiya a haka ba.

Babu kuma maɓallin fita. Burauza tana riƙe shaidarka har sai an rufe ta gaba ɗaya, mu kuwa wa yake rufe burauzar waya? A gidajenmu waya ɗaya takan zaga hannun mata da yara da ƙanne. Wannan ya fi komai damuna, saboda lambobin matan da mazajensu suka rasu amana ce, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane da ta sa kula da irin wannan ya wuce batun ladabi kawai. Shawarar da na ba 'yan uwa ita ce su riƙa shiga ta tagar sirri ta burauza, su rufe ta idan sun gama. Akwatin shigar ma ba shi da ado, ba za ka sa tambarin ƙungiya ko gaisuwa da Hausa ba. Wasu kuma da suka latsa adireshin daga cikin wata manhajar sada zumunta ba su ga akwatin ba sam, sai da suka buɗe shi a burauza ta sosai. Sannan duk wanda ya shiga foldar, komai na ciki zai gani. Da muka so raba takardun shugabanni da na sauran jama'a, folda ta biyu na buɗe da nata sunayen.

Ranar da wani ya ajiye zama ɗan ƙungiya, sunansa kaɗai na goge, sauran ba su ma san an yi ba. Wannan kaɗai ya isa hujjar bai wa kowa tasa kalmar.

Ga makarantar Islamiyya mai son ajiye sakamakon jarrabawa don malamai, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ƙaramin ofishi, ina ba da shawararsa ba tare da shakka ba. Wanda kuwa yake son sayar da darussa, mutane su yi rajista da kansu su biya ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ya nemi manhajar mambobi irin su Paid Memberships Pro ko MemberPress, ya kuma tabbatar da kansa ko tana rufe fayiloli ko shafuka kaɗai. Kafin a biya kuɗin haya kuma, a tabbatar daga kamfanin cewa manhajar sabar tasu Apache ce ko LiteSpeed, domin sabar da ke aiki da Nginx zalla ba ta karanta .htaccess.