Kafin ka karɓi gidan abinci: dillali, kamfani, ko kai da mai wuri?

Duk mai shirin karɓar gidan abinci a Kano ko Abuja, ya fara tantance abin da ake sayar masa. Gini daban, kayan aiki daban, sunan wurin da masu cin abincin kuma daban. Da yawa daga cikin masu wuraren nan na Zoo Road ko Wuse haya suke zaune, abin da suka mallaka bai wuce firiza da janareta da tukwane da 'yan watannin da suka rage a haya ba. Idan mai ginin bai amince da kai a rubuce ba, ranar da watannin suka cika za ka kwashe tukwanenka.

Dillalin unguwa ya fi kowa sauri. Ya san wanda ciniki ya juya wa baya tun kafin a rufe ƙofa, ya san wanda ke matse zai yi ragi. La'adarsa a haya yawanci kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin shekara. Sai dai sau da yawa ba shi kaɗai ba ne, akwai biyu ko uku a bayansa, kowa na jiran rabonsa, kuma ba wanda zai ci kwabo sai ciniki ya faɗa. Ba daga bakinsa za ka ji cewa kwata na toshewa da damina ba, ko cewa mita na ɗauke da tsohon bashin KEDCO, kamfanin wutar lantarki na Kano. Ka yanke la'ada da shi tun kafin ya nuna maka wuri.

Kamfanonin dillancin gidaje masu rajista da ESVARBON, hukumar rajistar masu ƙiyasta darajar gidaje da aka kafa a 1975, suna ƙiyasta darajar wuri da kaya a rubuce, kuma idan suka cuce ka akwai inda za ka kai ƙara. Sun fi tsada, sun fi jan lokaci. Gini suka sani, ba cinikin shinkafa da miya ba.

Yin ciniki kai-tsaye da mai wuri na tsirar maka da la'ada, amma kada ka zuba kuɗin a aljihunka, ka ba lauya. Shi zai duba takardar haya, ya bincika fili a KANGIS ko AGIS, ofisoshin bayanan filaye na Kano da Abuja, ya ga sunan wa ke kan rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Ni dai a ganina, ƙaramin wuri dillali da lauya sun isa. Idan kuɗin ya kai miliyoyi masu yawa ko haya ta shekaru ce, a nemi kamfani. Ko wanne ka zaɓa, akwai aikin da ba mai yi maka: ka je da azahar ranar aiki, ba tare da sanarwa ba, ka zauna ka ƙirga farantai. Sannan ka tambaya ko mai girkin za ta zauna bayan an sayar, domin mutane da yawa hannunta suke bi, idan ta koma wani layi can za su bi ta.