Bizar 'yan fansho: Tailan ko Panama?

Masu shirin ajiye aiki sun sha tambayata wacce ta fi sauƙin sharuɗɗan kuɗi tsakanin bizar zaman ritaya ta Tailan da ta Panama.

Tailan tana karɓar mai shekara 50 zuwa sama, idan ya nuna ajiyar bat (kuɗin Tailan) 800,000 a banki ko kuɗin shiga na bat 65,000 kowane wata. Wahalar tana wajen sabuntawa, domin izinin na shekara guda ne, kuma dole kuɗin su zauna a asusun bankin ƙasar wata 2 kafin neman ƙarin wa'adi da wata 3 bayansa, sannan kada su gaza bat 400,000 a sauran watannin. Ga kai rahoto ofishin shige da fice duk kwana 90, abin da a ganina yakan gajiyar da dattijo.

Panama ba ta dubi ajiya ba. Takardar shaidar fansho na har ƙarshen rayuwa take nema, aƙalla dala 1,000 a wata, da ƙarin dala 250 ga kowane mutum ɗaya na iyali. Sai ta hannun lauyan ƙasar ake nema, wanda hakan ƙarin kashe kuɗi ne, amma zaman na dindindin ne, har da rangwamen magani da tikitin jirgi. Mai karɓar fansho da naira ya lura cewa faɗuwar darajarta tana iya hana shi cika adadin a ƙasashen biyu.

Wanda ya tara dunƙulallen kuɗi ba tare da fansho mai kauri ba, Tailan ta fi dacewa da shi. Mai tabbataccen fansho da ke gudun sabunta takardu duk shekara kuwa, Panama ce tasa.