Kwana biyu a asibitin mazaɓarmu bayan an yi masa gyara

Rabona da shiga asibitin mazaɓarmu tun kafin ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki a yankinmu na Haɗejiya, ta jiƙa ginin har bango ya tsage. Sai cikin watan Afrilu da yarinyar wajena ta zo goyon ciki. 'Yar fari ce, a yi mini uzuri, ba zan kama suna ba. Naƙuda ta tashi bayan la'asar, muka tafi. Kwana biyu muka yi, kuma na ga abin faɗa.

Wanda bai san tsohon ginin ba ba zai gane murnata ba. A da ƙofar ɗakin haihuwa tana kallon bencin da maza ke zama jiran kati. Mace tana dafe da ƙugu sai ta ratsa ta gaban surukinta ko abokin mijinta, labule ɗaya ne tsakani, duk nishin da ta yi a kunnen jama'a. Ana ta faɗa a rediyo mata su riƙa haihuwa a asibiti, wasu har su ce jahilci ne ke hana mu. Ni na haifi shida a ɗakina gaban ungozoma, kuma na yi karatu daidai gwargwado. Wannan ƙofar ce ta hana ni.

Yanzu an mayar da ita ta baya, an ja wata 'yar katanga mai lanƙwasa a gabanta, hanyar mata daban. Da na gani sai mahaifina ya faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa, magini ne na tubali da azara. Bai taɓa saita ƙofar zaure ta waje da ta ciki ba, don kada na tsaye a waje ya hango tsakar gida. Ko wane ne ya zana wannan gyara, ya san gidan Bahaushe.

Na tambayi ma'aikaciyar da ta karɓi haihuwar, na ce, “Malama, mata na zuwa kuwa?”

Ta yi dariya ta ce, “Mama, ki zo ranar awo ki ga baranda.”

Barandar kuwa ta yi faɗi, da dakali na siminti a jikin bango, ga randa a lungu. Akwai sola, saboda haka fitila ba ta ɗauke ba har asuba, firjin allurar riga-kafi ma yana ta aiki. Waɗanda aka taɓa yi wa ɗinki da hasken tocilan ɗin waya sun san darajar wannan. Ma'aikatan dare su biyu ne, ba su yi mana tsawa ba, kuma tun da wuri suka ce in abu ya gagara za a wuce da ita babban asibiti. Allah Ya taimaka ba a kai ga haka ba.

To amma zafi! A bazarar Jigawa ma'auni kan haura 40, su kuma suka yi rufin kwano gajere, suka manna masa silin na roba. Tagogin irin na gilashi ne da ake turawa gefe, rabi kaɗai ke buɗewa, kuma duk a bango ɗaya suke, iska ba ta da inda za ta fita. Da azahar fanka iskar wuta take hurowa. Mai jego tana zuba gumi, jaririya tana tsala kuka, ni ina fifita da murfin kwali. Soron kakata na ƙasa ya fi ɗakin nan sanyi nesa ba kusa ba. Ban ce a koma gina asibiti da laka ba, amma ɗaga rufi da buɗe taga ta fuskanci taga ai ba sai an je Turai koyo ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne darbejiyoyin nan biyu na bakin ƙofa. An sare su an shimfiɗa dutsen siminti a wurin. Nan ne fa masu jinya ke hutawa, nan tsofaffi ke sallah. Yanzu sai ka ga mutane sun jeru a gindin katanga suna bin inuwa duk inda ta juya. Kuma ba a ware wurin girki ba, alhali an san mai haihuwa sai da ruwan zafi da kunun kanwa. Duwatsu uku muka kafa a bayan ginin, maigadi ya kau da kai. Banɗakin na zamani ne, tsaf da shi, sai dai tankin kan ƙare kafin isha, tayil ɗin kuma yana da santsi ga mai tsohon ciki.

Matan ƙannena biyu suna da ciki, na ce musu su je awo can, su kuma haihu can. Su tafi da mafici, da bokiti, da tabarmar mai jinya. Maganar bishiya kuwa na kai wa mai unguwa ranar suna, ya ce a bari damina ta faɗi.