Allurar ekzosom don ciwon agara da kafaɗa: tukuna dai

Duk wanda aka yi wa tallar allurar ekzosom a Kaduna, wai tana ɗinke jijiyar da ta yage ba tare da tiyata ba, shawararmu ya riƙe kuɗinsa.

Ilimin da ke bayanta na gaske ne. Ekzosom wasu 'yan ƙunshi ne da ƙwayoyin jiki ke fitarwa, girmansu nanomita 30 zuwa 150 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ɗauke da saƙon rage kumburi da gina nama. Ana tatso su daga ƙwayoyin ɓargo, kitse ko igiyar cibiya. Inda ake sa musu rai shi ne mahaɗar jijiya da ƙashi, kamar a kafaɗa da agara. Wurin yana da ƙarancin jini, kuma hawa huɗu ne: jijiya, guringuntsi mai laushi, guringuntsi mai tauri, sai ƙashi. In ya yage, ko an ɗinke, da tabo yake warkewa, shi ya sa yakan sake tsinkewa.

Matsalar ita ce ekzosom ba ya zama inda aka zuba shi, jiki na saurin kwashe shi. Don haka masu bincike ke gyara shi, su ɗura masa magani ko su cakuɗa shi da wani abu mai kauri kamar kamu, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Akasarin nasarar nan a jikin ɓeraye da zomaye aka gan ta. A Disamba 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wasu majinyata a Nebraska sun kwanta ciwo sakamakon irin wannan allura, ta ce babu ko ɗaya da ta amince da ita.

Sai batun ajiya, wanda ya fi damun mu. Ekzosom mai ruwa-ruwa yana son sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, firizar shago kuwa ba ta wuce 20 ba. In wuta ta ɗauke ya narke ya sake daskarewa, ƙunshin fashewa yake. Ka nemi lambar NAFDAC a jikin kwalba, ka tambayi daga jikin wa aka ciro shi, da ko an gwada mai shi cutar hanta da ƙanjamau.

Mai ciwon agara ya fara da hoton jijiyar wajen likitan ƙashi, a asibitin Barau Dikko ko na Shika. In kumburi ne, mako 12 na atisayen sauke dunduniya a bakin matakala a sashen gashin ƙashi yana da hujja mai ƙarfi. In ta tsinke gaba ɗaya, sai ɗauri ko ɗinki, kuma jinkirin makonni na sa bakin jijiyar ya ja baya, aikin ya ƙara wuya.